Inda 192.168.0.1 Ta Samo Asali



Kusan kowannenmu ya taɓa shiga wannan hali. Saura awa biyu a rufe karɓar labarai a wata gasa, kana tsakiyar turawa, data ta ƙare. Ka ce da ƙanwarka ta ɗan kunna maka hotsifot. Ta kunna, kwamfutarka ta kama, alamar Wi-Fi ta cika taf, amma shafi ya ƙi buɗewa. Ita kuwa bidiyo take kallo a wayar tata, ko tsayawa ba ya yi. Daga nan sai a shiga kame-kame: a kashe, a kunna, a matso kusa, a sake sa lambar sirri. In an yi sa'a abu ya yi, kuma ba wanda zai iya cewa ga abin da ya gyara shi.

Wannan ciwon kai ya girmi wayar hannu mai intanet, ya ma girmi wasu daga cikin 'yan wannan zaure. Da muka bi sawunsa sai muka tarar saiwarsa tana cikin wani lissafi da aka yi a Amurka shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, da kuma wani faci na wucin gadi da aka yi wa lissafin a 1994, wanda har yau da shi duniya ke tafiya.

Ga lissafin. Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da adireshi, wato lambar nan da ake kira IP. A tsarin da aka fitar a watan Satumbar 1981, an ware wa adireshin gurbi 32, kowane gurbi ko dai sifiri ko ɗaya. In aka buga, adireshi 4,294,967,296 ke nan. A wancan lokaci kwamfutocin da ke kan layin ɗari biyu ne da 'yan kai, na jami'o'i da cibiyoyin bincike. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara abin, ya sha faɗa daga baya cewa shi ya yanke wannan shawara, yana ganin gwaji kawai ake yi, in gwajin ya yi kyau sai a yi ginin gaske. Gwajin ne ya kuɓuce musu ya zama intanet ɗin da muke kai. Ga kuma rabon farko da aka yi, rabon wanda bai san yunwa ba: kamfani ɗaya ko jami'a ɗaya a miƙa mata adireshi sama da miliyan 16 a tashi guda. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 masana sun gane rumbun zai ƙare.

A 1994 aka fito da dabaru biyu masu tafiya tare. Ta farko, aka keɓe wasu jerin lambobi aka ce waɗannan na cikin gida ne, kowa ya ɗauka ba sai ya nemi izini ba, da sharaɗin ba za su taɓa fita titi ba. Su ne masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da masu farawa da 192.168. Ta biyu, a watan Mayun shekarar, wasu injiniyoyi biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka bayyana yadda na'ura ɗaya za ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙa sauya adireshin cikin gida zuwa na waje. Ita ce dabarar da ake kira NAT, wadda daga baya aka faɗaɗa ta har gida guda ya iya fita da adireshi ɗaya tak.

Waɗanda suka riski zamanin wasiƙa a cikinmu ba sa bukatar dogon bayani. Akwatin gidan waya ɗaya, na makarantar firamare ko na wani ɗan kasuwa, unguwa guda ke amfani da shi. A rubuta sunanka a bayan ambulan, a ƙasa a sa "ta hannun wane". Gidan waya bai san gidanku ba, akwatin kawai ya sani. Mai akwatin shi ya san wane ne wane, shi zai ɗauko ya rarraba. Haka na'urar bakin ƙofa take yi: duk saƙon da ya fita sai ta rubuta a littafinta cewa na ɗaki kaza ne, ta liƙa masa adireshinta, in amsa ta dawo ta duba littafin ta miƙa wa mai shi. To, ranar da mai akwati ya yi tafiya, ko littafinsa ya rikice, wasiƙar kowa ta tsaya. Rabin matsalolin da za mu ambata nan gaba daga nan suka fito. Su kansu Egevang da Francis sun ce maganin ɗan lokaci ne, kafin a gama sabon tsari mai faɗi. Sabon tsarin, IPv6, an fitar da shi a rubuce tun ƙarshen 1995, kuma har yau bai gama karɓe ragamar ba.

An yi wannan dabara ne domin kamfanoni, amma sai ta faɗo cikin gidajen mutane. A shekara ta 2000 kusan rabin gidajen Amurka suna da kwamfuta, kuma an fara samun gidaje masu biyu: maigida ya sayi sabuwa, tsohuwar ta koma ɗakin yara. Layin tarho kuwa ɗaya ne, kuma ta cikinsa ake shiga intanet da modem. Modem ɗin da ya fi kowanne gudu a lokacin kilobit 56 yake ja a daƙiƙa. Hoto ɗaya mai nauyin megabayit uku, irin wanda muke turawa yau ba mu ko lura ba, zai ci minti bakwai ko fiye. In wani yana kan intanet ba mai iya kiran gidan, balle kwamfuta ta biyu ta shiga. Rigimar wa zai hau, wa zai sauka ta zama ta kullum.

Masu wayo suka fara neman mafita. Masu amfani da Linux suna da tasu hanyar. Masu Windows da yawa suka koma ga WinGate, manhajar da Adrien de Croy ya rubuta a ƙasar Niyu Zilan a 1995. Ta yi aiki, sai dai sigoginta na farko suna zuwa ne da ƙofa a buɗe, wanda ke wata uwa duniya na iya bi ta cikin kwamfutarka ya aikata ɓarna da sunanka, kuma masu tura saƙonnin banza sun more wannan sosai. A 1999 Microsoft ya fitar da bugu na biyu na Windows 98, ya saka raba intanet a cikinsa kai tsaye. Kwamfutar da ke da modem ta zama uwa, sauran suka zama 'ya'ya. Uwar tana ɗaukar wa kanta 192.168.0.1, ta rarraba wa 'ya'yan lambobin da ke biye, ta riƙe littafin shige da fice. Har faifan fulofi take buga maka ka zagaya da shi ka saita sauran. A takarda aikin minti goma ne. A aikace mutane sun kwana a kai.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan zamani shi ne yadda malamin makaranta ko akawu, wanda bai taɓa zama ajin injiniya ba, ya wayi gari dole ya koyi bincike irin na likita. Kuma tun daga kebul ake fara shan wahala. Kebul ɗin da ke haɗa kwamfutoci yana da siraran wayoyi takwas a ciki, amma katunan lokacin huɗu suke amfani da su, biyu na magana, biyu na saurare. In akwai akwatin mahaɗa a tsakiya, shi yake karkata maganar wannan zuwa kunnen wancan. In kuwa kai tsaye ka haɗa kwamfuta biyu da kebul na yau da kullum, ka haɗa baki da baki ne, kunne da kunne. Sai an sami wani kebul na musamman wanda aka gitta wayoyinsa. Su biyun kamarsu ɗaya a ido, sai ka jera kawunansu ka duba launukan wayoyin kafin ka bambance. Shi ya sa tambayar farko da duk masani yake yi ita ce: 'yar koriyar fitilar da ke bayan kwamfutar tana ci? Katunan da suka zo daga baya suna gane kebul ɗin su gyara da kansu, wannan matsala ta mutu ba a ko yi mata jana'iza ba.

In fitila na ci, sai a tambayi 'yar kwamfutar adireshinta. A Windows 98 ana buga winipcfg, a na baya ipconfig. In lambar ta fara da 192.168.0, uwa ta ji kiranta ta amsa. In kuwa ta fara da 169.254, labari ya sha bamban. Ma'anarsa ta yi ta kira a ba ta adireshi ba wanda ya kula ta, sai ta raɗa wa kanta suna. Sunan da ba wanda ya san shi a gidan ba zai kai ta ko zaure ba. Dubban mutane sun koyi karanta wannan lamba yadda ake karanta zazzaɓi a jikin yaro.

Daga nan sai a ɗauko ping. Wannan 'yar manhaja Mike Muuss ne ya rubuta ta a watan Disambar 1983, yana aiki a wata cibiyar binciken sojan Amurka da ke jihar Meriland, a zama ɗaya na dare, don ya gano abin da ke damun netwok ɗin wurin aikinsa. Ya ɗauko sunan ne daga ƙarar na'urar da jiragen ruwan yaƙi ke harbawa cikin teku su saurari amsa-kuwwa. Aikinta ke nan: ta yi sallama, ta jira amsa, ta faɗa maka tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Muuss ya rasu a haɗarin mota a shekara ta 2000, daidai lokacin da manhajarsa ke shiga ɗakunan mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Gwanintar ba a buga ping take ba, a jerin da ake bi take. Ana farawa da 127.0.0.1, lambar da ke nufin kwamfutar ita kanta, don a ji ko tana cikin hayyacinta. Sai a yi wa uwa sallama a 192.168.0.1. In ta amsa, cikin gida lafiya, kada a sake taɓa kebul. Sai a yi wa wata kwamfuta ta waje sallama da lambarta. In ta amsa, uwa tana miƙa saƙo ke nan. A ƙarshe sai a kira ta wajen da sunanta maimakon lamba. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon: lamba ta amsa, suna ya ƙi. Intanet ɗin na nan daram, abin da ya lalace shi ne DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983 mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Kowane mataki yana yanke rabin zargi. Wanda ya tsallake matakan ya tafi kai tsaye ya goge Windows ya sake sa shi, kuma an yi irinsu da yawa, yakan ɓata yini guda ya dawo ya tarar da matsalar tana jiransa.

Akwai wata cuta da ta fi duk waɗannan rainin hankali, wadda ta zo tare da layin DSL mai sauri a wajajen 2000. Uwa tana buɗe kowane shafi. 'Ya'ya kuwa wasu shafukan su buɗe, wasu su tsaya a rabi har abada. Ping yana amsawa, suna yana fassaruwa, kebul lafiya. Mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ashe girman ƙunshi ne. Saƙo a intanet ƙunshi-ƙunshi ake yanka shi, kuma a kebul ɗin cikin gida ƙunshi ɗaya na kaiwa bayit 1500. Amma hanyar da kamfanonin DSL da yawa suka bi tana cin bayit 8 a kan kowane ƙunshi, ya rage 1492. Uwa ta san haka domin ita ke riƙe da layin, 'ya'ya ba su sani ba, sai su gaya wa shafukan waje su aiko da cikakken 1500. Ƙunshin ya zo ya maƙale a hanya. Akwai sanarwar da ya kamata ta koma wa mai aikowa cewa ya rage, amma shafuka da yawa sun toshe irin wannan sanarwa da sunan tsaro. Ƙananan saƙonni su wuce, manya su ɓace shiru. Bayit takwas kacal. Maganin shi ne a shiga can cikin hanjin Windows na kowace 'ya a rage lambar da hannu.

Sauran matsalolin ba su kai wannan zurfi ba. Wani ya kawo modem ɗin DSL wanda shi ma 192.168.0.1 ya ɗauka, gida ya zama da uwa biyu masu suna ɗaya. Sai a Windows 7, a 2009, Microsoft ya kauce ya koma 192.168.137.1. A 2004 kuma aka yi wa Windows XP babban gyara wanda ya kunna katangar tsaro ga kowa, sai ga ping ya yi shiru alhali komai lafiya, abin da ya rikita har waɗanda suka ƙware. Sannan ga babban aibin tsarin tun asali: dole uwa ta kasance a kunne. Maigida ya kashe tasa ya kwanta, yaron da ke aikin makaranta a ɗaya ɗakin ya tsinci kansa a duhu.

Wannan aibi ne ya kashe tsarin. Linksys, kamfanin da Victor Tsao da matarsa Janie, 'yan asalin Taiwan, suka fara a garejin gidansu a Kalifoniya a 1988, ya fito a 1999 da wani ɗan akwati shuɗi mai ramuka huɗu. Ba ya komai sai aikin uwa: ya raba adireshi, ya riƙe littafi, ba ya barci. Shi ne rauta, kuma shi ya yaɗa 192.168.1.1. A watan Yulin wannan shekarar Steve Jobs ya tsaya a gaban jama'a a Niyu Yok ya zura kwamfutar iBook ta cikin wani zobe tana kan intanet, don a ga ba waya a jikinta. Wasu kamfanonin intanet na Amurka ba su so wannan ci gaba ba, domin suna karɓar ƙarin kuɗi a kan kowace kwamfuta, wasu ma suna ɗaure layin da lambar katin kwamfuta ɗaya. Masu ƙera rauta suka saka mata dabarar kwaikwayon lambar katin. Kamfani na ganin kwamfuta ɗaya, bayan ƙofa kuwa gida ne cike da mutane.

Mu a nan labarin bai bi ta cikin gida ba. Lokacin da Amurkawa ke faɗa a kan layin tarho, Nijeriya mai mutane sama da miliyan 120 tana da layukan ƙasa kusan rabin miliyan ne kawai, kuma sai a watan Agustan 2001 wayar GSM ta fara aiki. Gida mai kwamfuta biyu da layin tarho abin nunawa ne da yatsa. Inda muka haɗu da 192.168 shi ne shagon intanet. Faranti ɗaya na tauraron ɗan Adam a kan rufi, kwamfuta ɗaya a teburin mai shago da ba a yarda kowa ya taɓa ba, sai goma ko ashirin a jere suna sha daga gare ta. Tsarin uwa da 'ya'ya ne sak, an dai mai da shi sana'a. Da yawanmu a irin waɗannan shaguna muka buɗe imel na farko, muka cike takardar jarrabawa, muka sayi tikitin kwana saboda da dare ya fi araha kuma ya fi gudu. In aka ce "saba ta faɗi", kowa ya jingina da kujera yana kallon mintocinsa na zuba. Yaron shagon kuwa, wanda galibi a bakin aikin ya koyi komai, zai sunkuya ƙarƙashin tebur ya duba fitila, ya dawo ya buɗe baƙin allo ya buga ping. Matakan nan da muka jero su yake bi ɗaya bayan ɗaya. A ganinmu ba a ba waɗannan yara haƙƙinsu ba a tarihin shigowar intanet ƙasar Hausa.

Daga baya modem mai kama da filashi ya zo, sannan waya ta haɗiye komai. Android ya samu hotsifot a 2010, iPhone a 2011. Wayar ƙanwarka da muka fara da ita, ita ce uwa yanzu. Shekaru da dama wayoyin Android 192.168.43.1 suke ɗaukar wa kansu, iPhone kuma 172.20.10.1, duk daga cikin lambobin nan da aka keɓe a 1994. Alamar Wi-Fi da ta cika taf shaida ce ta mataki ɗaya kawai, wato kwamfutarka ta isa wurin uwa. Ba ta ce komai ba a kan abin da ke bayan ƙofa. Wataƙila an taɓa saita wa kwamfutar wani DNS na ofis ko na makaranta ya maƙale. Wataƙila akwai manhajar VPN da ta tare hanya. Wataƙila kuma, kuma wannan ya fi yawa fiye da yadda muke zato, datar da ƙanwar taka ta saya ta shafukan sada zumunta ce kawai, shi ya sa bidiyonta ke tafiya, shafin gasarka kuma ba shi da izinin wucewa.

Ita ma wayar ba ita ce ƙofar ƙarshe ba. Kamfanonin waya galibi suna tara dubban masu layi a bayan adireshi ƙalilan, wato akwatin da kake karɓar wasiƙa ta hannunsa shi ma ta hannun wani yake karɓa. Rumbun da aka gina a 1981 ya ƙare a hukumance ranar 3 ga Fabrairun 2011, inda aka yi taro a birnin Miyami aka raba damin ƙarshe guda biyar, kowane yanki na duniya ɗaya. Na Afirka ya tafi hannun AFRINIC, hukumar da ke da mazauni a tsibirin Morishus, kuma shi ne jerin da ke farawa da 102. Wanda ya duba adireshin da wayarsa ke fita da shi waje yau, a Kano ko a Zinder, ya ga ya fara da 102, daga wancan dami na ƙarshe aka yago shi.